Yadda ake rufe bututun ƙarƙashin besin saboda mai keken guragu, da gwajin yoyo kafin a rufe

Besin ɗin wanke hannu da aka kafa a jikin bango, babu kabad a ƙarƙashinsa, shi ne mai keken guragu zai iya amfani da shi da kansa, domin yana iya tura gwiwoyinsa ciki har hannunsa ya kai kan famfo. Sai dai inda gwiwar take shiga nan ne kayan filamba suka taru: bututun fitar da ruwan datti, da taraf, wato gwiwar nan da ke riƙe ɗan ruwa don hana wari dawowa, da bawul, wato makullin ruwa, ɗaya ko biyu da ke fitowa daga bango, da ƙananan tiyo masu saƙar ƙarfe da ake kira filezibul. Mai tsayuwa ko kallonsu ba ya yi. Mai zama kuwa kullum sai ya goge su, idan a nan yake alwala to sau biyar ke nan a rana, ban da wanke hannu da baki.

Haɗarin iri biyu ne, zafi da kaifi. Wanda ya samu rauni a lakarsa, ko wanda ciwon suga ya kashe masa jijiyoyin ƙafa, ko wanda kuturta ta taɓa, yana iya jingina ƙafa da bututu mai zafi bai ji komai ba, sai an zo canza masa kaya a ga bororo. Wanda shan inna ta kama yana jin zafin, amma ƙafar ba ta janyuwa da sauri. Ruwan da ya kai digiri 60 yana ƙona fata cikin 'yan sakanni, kuma taraf na ƙarfe yana ɗaukar zafin nan take. Kada wani ya ce ai gidansa babu hita. A Birnin Kebbi, tsakanin Maris da Mayu, zafin gari yakan wuce digiri 40, kuma ruwan farko da ke saukowa daga tankin sama da azahar, bayan ya kwanta a bututun da rana ke duka, kowa ya san sai an ja hannu. A kicin kuma ga ruwan da aka tsane daga taliya ko shinkafa, wanda ake juyewa a sinki yana tururi. Shi kuma kaifi yana zuwa daga bakin noti, da kan sukuru, da saƙar filezibul idan ta fara tsagewa, wayoyinta na tsira kamar ƙayar bushiya. Ƙaramin ƙwarzane a ƙaurin mai ciwon suga yana iya zama gyambon da za a daɗe ana jinya.

Ga masu asibiti, makaranta, otal ko ofis, abin ya wuce kyautatawa. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta bai wa gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara yadda kowa zai iya shiga ya yi amfani da su, kuma wa'adin ya cika tun farkon 2024. Mutane sukan zuba gangaren siminti a bakin ƙofa su ɗauka an gama, alhali wanda ya shigo da keken zai buƙaci banɗaki.

Fara da zaunar da mai wurin

Kafin ka sayi komai, ka nemi izinin wanda za a yi aikin dominsa ya zo da kekensa gaban besin ɗin. Ka ce masa, "Baba, ɗan matso kamar za ka wanke hannu, in ga inda gwiwarka ke tsayawa." Idan mace ce, 'yarta ko wata ta gida ta yi awon, kai ka tsaya daga waje ka rubuta. Abu uku kake nema: tsayin gwiwa daga ƙasa har da matashin da ake zama a kai, da inda gwiwa ko ƙauri ke fara taɓa wani abu, da inda yatsun ƙafa ke kaiwa a kan matakin keke. Duk abin da ya taɓa, ka yi masa alama da alli ko maka.

Idan wurin na jama'a ne, ba mutum ɗaya za ka auna ba, sai ka yi aiki da ma'aunin da aka saba. Ɗaya daga cikin sanannu shi ne na Amurka, ƙa'idojin 2010 da aka gina a kan dokarsu ta masu buƙata ta musamman ta 1990. Sun ce bakin besin kada ya wuce inci 34 daga ƙasa, kimanin santimita 86. Sararin gwiwa a ƙarƙashinsa ya kai aƙalla inci 27 a tsayi da inci 30 a faɗi, sararin yatsun ƙafa kuma inci 9 daga ƙasa. A can sama inda gwiwa take, zurfin ya kai inci 8 daga bakin besin zuwa ciki, a ƙasa wajen ƙauri kuma inci 11. Ƙa'idar ta kuma ce a rufe bututun ruwa da na datti ko a tsara su yadda jiki ba zai taɓa su ba, kuma kada a bar komai mai kaifi ko kaushi a wurin. Ka rubuta lambobin nan, domin rufin da za ka sa yana da kauri, kuma daga sararin nan zai ci.

Keken nan mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu a titi ba ya shiga ƙarƙashin kowane besin, saboda sitiyarinsa na gaba. Da keken cikin gida za a yi awo.

Kayan aiki

Tef ɗin awo, tocila, bokiti ko ƙaramin baho, tsummoki busassu, tishu, tsohuwar jarida, sifana mai daidaitawa, filaya, sukudireba, reza ko wuƙa mai kaifi, sanfefa, farin tef ɗin zare na filamba, da sababbin washa, wato zoben roba da ke hana haɗi yoyo. Bututun dattin besin yawanci inci ɗaya da kwata ne, milimita 32, na sinkin kicin kuma inci ɗaya da rabi, milimita 40. Bawul da filezibul rabin inci ne. Ka ɗauki hoton ƙarƙashin besin ɗin a waya, in da hali ka cire tsohuwar washa ka tafi da ita wurin masu kayan famfo a babbar kasuwa, ya fi dogon kwatance.

Gyara siffar wurin

Yawancin besin da ake sayarwa a nan suna zuwa da doguwar ƙafar tangaran da ke ɓoye bututu. Tana da kyan gani, amma tana tsaye daidai inda ƙafafun mai keke za su shiga. Idan awo ya nuna ta tare hanya sai a cire ta. A nan ina roƙon kada a yi ganganci: ƙafar nan tana ɗauke da wani ɓangare na nauyin besin, kuma mai keke yakan dafa bakin besin ya gyara zama. Dole filamba ya kafa ƙarafa biyu masu ƙarfi a bango su riƙe shi. Idan bulon mai rami ne, a fasa wurin a cika da kankare, a bari ya bushe sosai kafin a ɗaura. Tangaran da ya faɗo ya fashe a cinyar mutum ya fi duk abin da muke gudu muni.

Bayan haka ka duba ko za a iya matsar da taraf zuwa bango. Idan mai lanƙwasa ne, sassauta notinsa ka juya shi gefe ko baya. Idan irin mai siffar kwalba ne, ka rage tsawon bututun da ke saukowa daga besin, taraf ɗin ya hau sama. Bututun nan na roba mai miƙewa kamar zuga-zugi, wanda ake jefa bakinsa a ramin ƙasa, shawarata a cire shi: yana reto, yana tara datti a cikin lanƙwasarsa, kuma matakin keke yana fizge shi. Filezibul da ya yi tsatsa ko saƙarsa ta tsage a canza shi, a sa wanda tsawonsa ya yi daidai, kada ya yi ciki ya zuro gaba. Duk wani kan sukuru ko bakin roba mai kaifi a goge shi da sanfefa. Idan akwai ƙaramar hita ko wayar wuta a ƙarƙashin, a kashe wutar daga makunninta kafin hannu ya taɓa ruwa.

Gwajin yoyo

Nan ne zuciyar aikin. Bututun da ke fili, idan ya fara ɗiga, mai shara zai gani. Wanda aka naɗe kuwa yana iya yin watanni yana jiƙa bango a ɓoye, har tayil ya fara ɓamɓarewa, kyankyasai su samu gida, gara ta bi danshi zuwa ƙofa, ƙasa kuma ta yi santsi a daidai inda mai sanda ko mai keke ke tashi da zama. Ga kuma asara. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa ɗigo ɗaya a kowane sakan yana zubar da fiye da galan 3,000 a shekara, sama da lita 11,000 ke nan, fiye da jarka 400 mai cin lita 25. Wanda ke sayen ruwa wurin 'yan garuwa, ko yake ƙona fetur yana tura ruwa tanki, ya san nauyin wannan lissafi.

Ka fara da goge komai ya bushe ƙarau, daga gindin kan famfo har inda bututu ya shige bango. Ka shimfiɗa jarida a ƙasa. Ido kaɗai ba ya isa, musamman a kan farin bututu, shi ya sa ake aiki da tishu: ɗigon da ba ka gani ba zai bayyana a jikinsa.

Ɓangaren shigowar ruwa shi ne na farko, domin kullum yana cikin matsi ko an buɗe famfo ko ba a buɗe ba. Ka tabbata tanki a cike yake, saboda yoyon da ke ɓuya idan ruwa ya yi ƙasa yakan fito idan tanki ya cika. Da kan famfo a rufe, bawul a buɗe, ka naɗa tishu a wuri uku: inda bawul ya shiga bango, inda filezibul ya haɗu da bawul, da can sama inda ya haɗu da gindin famfo. Ka ba shi minti goma. Sannan ka rufe bawul ɗin ka sake buɗewa sau biyu, ka taɓa wuyansa da sabon tishu. Bawul da ya daɗe ba a murɗa shi ba yakan fara tsatsafa daga wuya ranar da aka taɓa shi, gara ya nuna halinsa yanzu. Idan ya ƙi rufe ruwa gaba ɗaya, a canza shi.

Sai ɓangaren fita. Buɗe famfo ruwa ya ɗan zuba ba gwaji ba ne. Ka toshe ramin besin, ka cika shi har ruwa ya fara shiga ƙaramin ramin nan na kusa da baki mai hana ambaliya, ka bar shi yana shiga na minti ɗaya kana haska ƙasa da tocila. Ka kashe famfo, ka bar ruwan a tsaye minti goma. Idan ƙarƙashin ramin ya jiƙe a wannan lokaci, matsalar tana wurin robar da ke tsakanin tangaran da ƙarfen ramin. Daga nan ka zare toshiyar gaba ɗaya, ruwan ya sauka da ƙarfinsa, kai kuma kana bin kowane noti da tishu. Ka riƙa farawa daga sama kana sauka, domin ruwa na bin jikin bututu, inda ya ɗiga ba lallai nan ne ya fito ba. Wuri mafi tsayi da ka samu a jiƙe shi ne mai laifin. Idan ka rasa gane shi, ka zuba ɗan bula ko ruwan zoɓo a cikin besin ka maimaita, launin zai nuna hanya.

Ka maimaita da ruwan ɗumi in gidan na amfani da shi, saboda roba na saki idan ta ji zafi. Sannan abin da galibi ake mantawa: ka sa tafin hannu ka ɗan tura taraf ɗin gefe da baya, yadda gwiwa za ta yi masa, ruwa na zuba. Haɗin da ke riƙe ruwa sai in ba a taɓa shi ba, bai dace da wannan wuri ba.

Ka bar busasshiyar jarida ta kwana. Idan gidan na samun ruwan gwamnati kai tsaye, ka jira har ranar da aka kawo shi, domin ƙarfinsa ya bambanta da na tanki.

Idan an samu yoyo

Notin roba na taraf da hannu ake ɗaure shi, in ya ƙi sai a ƙara kwatan juyi da filaya. Wanda ya matse shi da ƙarfin tsiya zai tsaga shi ko ya murɗe washar. Idan ɗaurewa ba ta yi ba, ka tara bokiti, ka kwance, ka wanke yashi da gashin da suka taru, ka duba washar. Ruwan burtsatse mai yashi yana cinye ta, zafi da bushewar hunturu kuma suna sa ta ƙage ta tsattsage. Sabuwar washa mai siffar mazurari, siririn bakinta ne ke fuskantar cikin haɗin, mai kaurin yana wajen noti. Idan aka juya ta, ko sabuwa ce sai ta yi yoyo.

Farin tef wurinsa zaren bawul da ke shiga bango, a naɗa shi ta hannun da ake ɗaurewa don kada ya warware. Ba a sa shi a notin taraf ko na filezibul, su washa ce ke riƙe musu ruwa. Naɗa leda ko robar tayar keke a kan haɗi, ko shafe shi da gam, jinkirta matsala ne kawai, kuma ba abin da za a rufe a kansa ba ne. Bayan kowane gyara a koma farkon gwaji.

Rufewa

Hanya uku ce, aljihu da abin da ake samu su za su zaɓa maka.

Akwai rigar bututu da aka ƙera musamman don wannan aiki, ta farar roba mai laushi, irin su Lav Guard na kamfanin Truebro. Takan zo gida uku: ɗaya na taraf da bututunsa, biyu na bawul da filezibul. Sai dai an yi ta ne a kan siffar taraf mai lanƙwasa, ba ta zama a kan mai siffar kwalba, don haka ka duba naka kafin ka yi oda. Sa ta ba wuya. Ka gwada kowane gida a jikin bututu, ka yanke abin da ya yi yawa, ka buɗe tsagar ka rungumar da ita, tsagar na kallon bango, ka ɗaure da maɗaurin da ya zo da ita. Ƙaramin ramin da ke gindinta na fitar ruwa ne, ya kalli ƙasa, kada a toshe shi. Murfin kan bawul kuma ya zama yana buɗuwa.

Hanya ta biyu ita ce ta fi sauƙin samu a garuruwanmu, daga Birnin Kebbi har Argungu, Jega, Yawuri da Zuru: baƙin soson roba da masu gyaran na'urar sanyaya ɗaki ke sa wa bututun jan ƙarfe. Shi ba ya shan ruwa kamar soson katifa, wanda ko kusa kada a kawo shi nan, haka ma tsumma da buhu. Ƙananan girmansa sun isa filezibul. Na bututun datti kuwa sai ka nemi mai faɗin ciki da ya ɗan ɗara bututun, ko ka sayi na shimfiɗe ka yanka. Kauri kamar rabin inci ya wadatar. Ka auna kowane miƙaƙƙen sashe ka yanka, ka tsaga shi a tsaye da reza, ka sanya tsagar ta baya. A wurin lanƙwasa ka yanke ƙananan yanka masu siffar alwatika ta cikin gwiwar don ya kwanta ba tare da tattarewa ba. Taraf mai siffar kwalba a yi masa tasa rigar daban, wadda za a iya zarewa ta ƙasa ranar wanke shi. A can gindin, wuri mafi ƙasa, ka huda rami kamar girman fensir don ruwa ya samu mafita ya tona asirin yoyo.

Wajen ɗaurewa ne ake ɓata aikin. Idan da maɗaurin roba mai haƙora ka ɗaure, wanda masu wayarin ke amfani da shi, ka juya kansa ya koma bayan bututu, ka yanke jelar daidai da kan da reza. Jelar da aka yanke da filaya tana barin tsini mai yanka fata, ka ga an kawar da wani kaifi an kawo wani. Waya kuwa babu ita a wannan aiki. Kada ka matse har soson ya lotse, kuma kada ka manne shi da gam a kan noti. Hannun bawul a bar shi yadda za a iya murɗawa cikin gaggawa, a sa masa 'yar hular soso mai cirewa. Da yake soson na yagewa idan ƙarfen keke na gogarsa, kuma beraye na son sa, ka naɗe shi da faffaɗan farin tef na roba, sashe sashe, kowane haɗi da nasa, yadda za a iya buɗe guda ba a warware duka ba. Farin yana nuna datti da tabon ruwa, kuma ana iya goge shi da sabulu, abin da asibiti ke buƙata.

Ta uku ita ce allo. Kafinta ko mai aikin alminiyom ya yanka allon roba ko wani da ruwa ba ya ci, ya kafa shi a karkace: samansa kusa da ƙarƙashin besin, ƙasansa ya nufi bango, ya tsaya inci 9 kafin ƙasa don yatsun ƙafa su wuce. Ita ce ta fi tsafta da ƙarko a wurin da jama'a ke da yawa, kuma yara ba sa samun abin ɓarewa. Sharaɗinta a kiyaye zurfin nan na inci 8 a sama da 11 a ƙasa, a goge kaifin gefuna, a ɗaure da sukuru masu kwanciya da za a iya kwancewa, kada a like da silikon ko siminti. Falankin katako na yau da kullum yana kumbura ya kira gara.

Bayan an rufe

Hannunka ya motsa haɗe-haɗen yayin sa rigar, saboda haka ka sake cika besin ka sake shi, ka duba ramin gindi da jaridar ƙasa. Ka bar ruwa mafi zafi da gidan ke samu ya zuba minti biyu, ka ɗora bayan hannunka a kan rufin: ɗumi kaɗan ba laifi, zafi kuwa yana nufin akwai inda soson ya yi siriri ko ya buɗe. Idan akwai hita, a rage ta. Ka rufe ido ka shafa ko'ina da tafin hannu, har bayan bututu, kana neman abin da ke kama fata.

Sai a sake kiran mai wurin ya shiga da kekensa, ya buɗe famfo, ya juya, ya fita, sau biyu ko uku. Ka tambaye shi, "Baba, akwai inda ya tokare ka?" Idan ƙafarsa ba ta ji, mai kula da shi ya duba gwiwa da ƙauri a kwanakin farko, ko akwai ja ko ƙwarzane.

A nuna wa mutanen gida inda bawul yake da yadda ake rufe shi. Mai shara ta riƙa leƙa ramin gindin duk mako. Duk wata uku a buɗe rigar a wurin noti a taɓa da tishu, a ƙara da dubawa a ƙarshen hunturu lokacin da roba ta sha bushewa, da tsakiyar damina lokacin da danshi ke ɓoye yoyo. A kicin, duk mai juye tafasasshen ruwa ta buɗe famfon sanyi tare da shi, kuma kada a juye shi sam idan mai keke na zaune a gaban sinkin. Besin da ke ɗakin baƙi ko wani ofis da ba a cika shiga ba, a riƙa zuba masa kofi biyu na ruwa duk mako, domin ruwan taraf na ƙafewa da zafi, wari da kyankyasai su biyo bututu.